Datsun ta baban Alhaji da Corolla ta ɗansa

Shekara 19 ke nan da buɗe garejina a Kano, kuma a mota goma da ke shigowa, bakwai Toyota ne 'yan Kwatano. Da su nake ciyar da iyali da yaran shago huɗu. Shi ya sa ranar da aka jawo wata Datsun 240Z da igiya, duk yaran suka ajiye sifana suka zagaye ta.

Ta mahaifin wani Alhaji ce, ta shekara da shekaru a ƙarƙashin tamfol. Sitiyarinta ma a dama yake, alamar ta shigo ƙasar nan kafin 1972, lokacin da aka koma tuƙi a hannun dama. Kujera biyu kacal, gaba dogo kamar kwalekwale, injin silinda shida a jere, lita 2.4, da kabireta biyu. Irinta ce ta cinye tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973.

A makon ne kuma ɗan Alhajin ya kawo Corollarsa ta 2010, fitilar gargaɗin injin ta kunnu. Na jona mata na'ura, ta nuna kwayil ɗaya ya mutu. Na aiki yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo sabo, kafin la'asar mai mota ya tafi.

Datsun kuwa wata biyu ta yi a wurina. Ba inda za ka jona kwamfuta. Kabireta biyun nan sai sun ja iska daidai da juna, in ba haka ba injin ya yi ta tari. Sai na kara bututun roba a kunne, ina saurarar wannan ina saurarar wancan, ina murɗa sukuru kaɗan-kaɗan, kamar yadda maigidana ya koya mini. Babban yarona ya ce, "Oga, wai me kake ji?" Na miƙa masa bututun. Kwana uku ya yi kafin kunnensa ya kama bambancin. Kayan gyara kuwa babu a kasuwa. Robobin birki sai daga waje aka yi odarsu.

Da ta tashi, Alhaji ya ce in faɗa masa gaskiya, wacce ta fi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfin injin Datsun ya kai doki 150, na Corolla 132 ne da silinda huɗu, amma a hanyar Zariya Datsun ba za ta bar Corolla da nisa ba. Corolla na da esi, da jakar iska, da birkin da ba ya kullewa. Datsun birkin baya ganga ne, sitiyari sai da ƙarfin damtse, ga shan mai, tun da aka cire tallafi a 2023 kuwa ka san yadda lita take."

Ya yi dariya ya karɓi makulli. Yanzu sai ranar Juma'a yake fito da ita, kuma duk ƙarshen wata yana kawo ta a saita kabireta. Yaron nan nake bar wa aikin.