Godiya: magen gidanmu ta koma cin abinci

Alhamdulillahi. Daren jiya ta sa baki a kwano da kanta, bayan kwana shida. A taƙaice, ƙayar kifi ce ta maƙale mata a baki ta daina cin abinci, gajiya ba za ta bar ni in tsawaita ba.

Godiya ta farko ga likitan dabbobin da ya buɗe bakinta ya haska ganɗarta, ya zaro ƙayar kifin da duk muka kasa gani. Sai maƙwabcinmu mai adaidaita sahu, da ya ce kada a ambace shi, amma dole in faɗa: ƙarfe ɗayan dare ya fito, ya rungumi kwalin da take ciki har ƙofar asibiti, ya ƙi karɓar ko sisi. Allah Ya buɗa masa ta inda bai zata ba, Ya raya masa zuri'a, Ya jiƙan iyayensa. Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, Allah Ya cika muku mizani da shi. 'Yan uwa na jini da suka ce "mage ce fa", ko waya babu, na ji, Allah Ya bar zumunci.

Masu tambaya ta saƙo kan abin da za a yi idan mage ta ƙi cin abinci, ga abin da za ku riƙe. Babbar mage idan ta yi awa 24 ba ta ci ba, a kai ta asibiti. 'Yar jaririya kuwa kada ta wuce awa 12. Dalili hanta ce: in mage ta kwana biyu zuwa uku da yunwa, jiki yana kwaso kitse ya tara a hanta har ta gaza aiki, kuma mai ƙiba ta fi shiga haɗari. Alamar wannan matsala ita ce ciwon shawara, wato cikin kunne da dasashi da farin ido su koma ruwan ɗorawa. Ganin wannan launin a kunnenta shi ne abin da ya fi tsinka mini zuciya.

Kafin ku isa wurin likita, ɗaga leɓenta ku taɓa dasashi. In ya bushe yana danƙo, ko kun ja fatar ƙeya ta ƙi komawa nan take, ruwan jikinta ya yi ƙasa. Tana bukatar kusan mililita 50 na ruwa kan kowane kilo ɗaya na nauyinta a rana. Zafin jikinta na lafiya 38 zuwa 39 ne da ɗan ɗoriya. Ku duba hanci, don magen da mura ta toshe wa hanci ba ta jin ƙamshi, wadda ba ta ji ƙamshi ba kuwa ba ta ci. A goge da auduga da ruwan ɗumi, a ɗumama abincin kaɗan. Dafaffiyar kaza ko kifin da aka tsince ƙayarsa tsaf, ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba tafarnuwa, waɗannan biyun na ƙarshe suna lalata mata jini.

Don Allah kada a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Madarar shanu ma zawo take sa yawancinsu. In za a ba da ruwa da sirinji, a cire allurar, a ɗiga mililita 1 zuwa 2 ta gefen baki, kanta a daidai, a jira ta haɗiye. Ɗurawa da ƙarfi tana kai ruwa huhu. In kun ga zare a ƙarƙashin harshe kada ku ja, ɗaya bakin yana iya kasancewa cikin hanji, ja kuma yanka shi zai yi.

Akwai waɗanda ba a jira da su ko awa ɗaya: muzurun da ke yunƙurin fitsari ba ya fita, amai a kai a kai, ko zargin ta lashi maganin ɓera ko fiya-fiya. Wadda kuma ke dalalar da miyau, halinta ya sauya, kada kowa ya sa hannu a bakinta saboda ciwon haukan kare.

Yanzu muna ba ta kashi ɗaya cikin uku na abincinta, a raba sau biyar a rana, ana ƙarawa a hankali, don cika mata ciki lokaci guda bayan doguwar yunwa shi ma haɗari ne. Ranar Litinin za a sake duba hantar. A ci gaba da sa mu a addu'a.