Takarda ɗaya ta sa na sha maganin da ba nawa ba

Shekara biyu da aure ba ciki, al'ada kuma sai ta ga dama take zuwa. Wata ƙawata a Samaru ta ce in je a auna min prolactin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, wanda wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Na hau Keke da rana tsaka zuwa wani ɗakin gwaji a Sabon Gari, ina haki, ga tsoron allura, sai da aka soke ni sau uku kafin a samu jijiya. Sakamako ya fito 52, alhali a gefen takardar an rubuta kada ya wuce 25.

Ƙannena, nan na yi wauta. Ban kai wa likita ba. Na duba waya na ga "ƙari a ƙwaƙwalwa", na kwana ina kuka, da safe mai kemis ya ba ni bromocriptine, maganin saukar da prolactin. Jiri, tashin zuciya, ranar nan har na zame a banɗaki. Don in tsayar da aman sai na ƙara shan metoclopramide, wanda dama nake sha saboda ciwon ciki.

Da maigida ya matsa muka je asibitin koyarwa na Shika a Zariya, likitar ba ta ko kalli takardar ba sai da ta ce, "Hajiya, me da me kike sha?" Ashe metoclopramide kansa yana ɗaga prolactin. Ina shan mai saukarwa, ina kora shi da mai ɗagawa. Ta ce fargaba, ciki, shayarwa, raunin aikin ƙullutun wuya (thyroid) da magungunan taɓin hankali irin su haloperidol duk suna ɗaga shi, sai dai waɗannan na ƙarshe ba a barin su sai da izinin likita. Akwai kuma macroprolactin: sinadarin ya manne da wani furotin ya yi girma, na'ura ta ƙirga shi, amma a jiki kusan ba ya komai. Wani gwaji da ake kira PEG ke tona shi, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba, sai an tambaya.

Don haka ƙanwata, in takardarki ta haura, zuba duk magungunanki a leda ki tafi da su wurin likita, ki nemi a maimaita. Ni da na bar duka biyun na koma da safe, na zauna rabin awa kafin a ɗebi jinin. Ya fito 14.