Harafi ɗaya a jinin sikila da abin da yake nunawa game da sauyin halittu

Duk wanda ya je gwajin jini kafin aure ya san AA da AS da SS, kuma tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a 2024, waɗannan haruffa sun shiga bakin iyaye da waliyyai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙanƙantar bambancin da ke tsakanin A da S. Bayanin gadon ɗan Adam, wato DNA, rubutu ne mai haruffa kusan biliyan 3, da aka jera daga haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. A ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa a cikin jini, akwai wurin da yawancin mutane ke da GAG, mai sikila kuwa yana da GTG. A 1957 Vernon Ingram ya nuna a Kambirij ta Ingila cewa tubali guda ne ya canja a jikin sinadarin, kuma wannan kaɗai ya isa ya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su zama kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su jawo ciwon ƙashin da iyayen masu amosanin jini suka sani sarai.

A 1954 Anthony Allison, likitan da ya tashi a Kenya, ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, kuma binciken da ya biyo baya ya gano cewa kariyar da suke samu daga mummunan nau'in zazzaɓin ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari. Shi ya sa taswirar sikila ta hau kan taswirar sauro, kuma shi ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da S. Daga nan ne mutane da yawa kan yi saurin cewa jiki ne ya ji zafin sauro ya ƙirƙiro wa kansa garkuwa. A ganina wannan fahimta ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma ita kanta sikilar ce ke rushe ta. Garkuwar da aka ƙera domin biyan buƙata ba za ta kare mai kwafin S ɗaya (AS) ta azabtar da mai kwafi biyu (SS) ba, alhali a Najeriya ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar duk shekara. Bugu da ƙari, a arewacin Gana da Burkina Faso akwai himogulobin C, wanda ya samo asali daga sauyi a daidai wannan wuri, sai dai shi GAG ya koma AAG. Yana ba da kariya daga zazzaɓin, kuma cutarwarsa ba ta kai ta S ba. Matsala ɗaya ce, amma kowace al'umma ta tashi da abin da ya faɗo mata. Daniel Shriner da Charles Rotimi, masanin ƙwayoyin gado ɗan asalin Najeriya, sun ƙiyasta a 2018 cewa sauyin S sau ɗaya ya auku, kimanin shekaru 7,300 da suka wuce, daga nan ya bazu.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan batu daga ɗakin gwaji ta fito. A 1943 Salvador Luria da Max Delbrück, a Amurka, sun so su san ko bakteriya tana samun juriya ga bairos ɗin da ke kashe ta ne bayan ta gamu da shi, ko kuwa juriyar tana nan tun kafin gamuwar. Sai suka raba bakteriya ƴar kaɗan a cikin kwalabe masu yawa, suka bar kowace kwalba ta hayayyafa ita kaɗai, sannan suka zuba abin da ke cikin kowacce a faranti mai cike da bairos, suka ƙirga waɗanda suka tsira. Da a ce bairos ɗin ne ke haddasa juriya, da kowane faranti ya ba da adadi kusan ɗaya da na ɗan'uwansa. Ba haka aka gani ba: faranti da yawa babu ko ɗaya, wasu ƴan ƙalilan, sai kuma can a sami guda da ya cika maƙil. Bayanin da ya dace da wannan shi ne sauyin ya riga ya auku a cikin kwalbar kafin a kawo bairos. Inda ya auku da wuri, zuriyar mai juriya ta samu lokacin yawaita, inda ya makara ko bai auku ba, sai faranti ya fito fayau. Wannan aiki yana cikin abin da ya ba su kyautar Nobel a 1969.

To, a nan ake yawan cuɗa magana. Cewa sauyi yana zuwa kwatsam ba ya nufin ba shi da sanadi, domin an san sanadinsa: kuskure wajen kwafe DNA lokacin da ƙwayar halitta ke rabuwa, hasken rana mai ƙuna, hayaƙin taba. Ba ya kuma nufin ko'ina daidai ne, domin wurin da C ke gaban G yana canjawa kusan ninki goma fiye da sauran wurare, kuma wani bincike na ƙasar Aisland a 2012 ya nuna cewa kowace shekara da ta ƙaru a shekarun uba tana ƙara sauyi kamar biyu a jikin ɗansa. Kowane jariri yana zuwa da sababbin sauye-sauye kimanin 60 zuwa 70 da babu su a jinin iyayensa, akasarinsu ba su cutarwa, ba su amfanarwa. Abin da masana ke nufi guda ne: sauyin ba ya duba abin da mai shi ke buƙata. Tankaɗen da ke biyo baya kuwa ba kwatsam ba ne, domin sauro ne ya yi ta kashe yara masu AA fiye da masu AS har S ya yawaita. Ina ganin mai imani da ƙaddara ba shi da abin tsoro a wannan magana, tunda magana ce a kan abin da ake iya aunawa, kamar yadda likita ke gaya wa ma'aurata masu AS cewa kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ba tare da kowa ya ce ya musanta ikon Allah ba.

Wannan rashin duba buƙata shi ne kuma ya mai da kurakuran gado shaidar dangantaka. Masu nazarin tsofaffin littattafan da aka kwafe da hannu sun san cewa idan kwafi biyu suka yi tuntuɓe iri ɗaya a layi ɗaya, to daga uwa ɗaya aka juyo su. Akuya da kare suna haɗa bitamin C a hantarsu, amma ɗan Adam sai ya samo shi daga lemo da ganye, domin ƙwayar gadon da ke kammala wannan aiki, mai suna GULO, tana nan a jikinmu amma a lalace. A lalace take a jikin cimfanzi da goggon biri da sauran birai da dama, kuma akwai ɓarnar da muka yi tarayya da su a gurbi ɗaya. Ɓeran masar ma ya rasa wannan iko, sai dai tasa ɓarnar daban take, wadda ke nuna cewa shi kaɗai ya yi nasa tuntuɓen. Haka kuma mutum yana da ƙunshin gado, wato kuromosom, tagwaye 23, manyan birai kuwa 24. A 1991 masu bincike a Jami'ar Yale suka sami tambarin da bisa ƙa'ida a ƙarshen kuromosom yake zama a tsakiyar kuromosom na 2 na ɗan Adam, baki da baki, daidai inda guda biyu da har yanzu suke rabe a jikin cimfanzi suka manne.

Mutum yana iya samun dalilansa na aƙida na ƙin karɓar inda wannan shaida ta dosa, kuma wannan muhawara ce da malamai ke yi a nasu fagen. Amma wanda zai ƙalubalance ta a fagen kimiyya, aikin da ke gabansa shi ne ya kawo bayanin da ya sa kuskure iri ɗaya ya zauna a gurbi ɗaya a jikin mutum da biri, ya kuma tsallake akuya.