Na canza lagireton jif ɗina da hannuna, sai ga man giya a cikin ruwa

Motata Toyota 4Runner ce ƙirar 1999, mai injin V6 da giya otomatik. Ta tsufa, ban musa ba, amma har Tula take hawa da ni ba ta taɓa ba ni kunya ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke haura digiri 40, tankin sama na lagireton ya tsage daidai inda roba ta haɗu da alminiyon. Da ma mai gyaran lagireto ya taɓa liƙe wurin da gam, ya ce ya zauna ke nan. Bai zauna ba. Kullum da safe sai na tarar da ƙasan motar a jiƙe, allurar zafi kuma tana ɗagawa da zarar na shiga cunkoson kasuwa.

Kwancewa ba wani abu ba ne ga wanda ya saba riƙe sufana. Na bari inji ya huce sarai, ƙanena yana riƙe da roba a ƙasa, na buɗe makwararar ruwan. Nan ne hankalina ya tashi.

"Yaya, wannan ruwan fa ba daidai yake ba," in ji shi.

Na leƙa. Ruwan ya yi kauri, launinsa kamar shayi da madara, da ɗan ja-ja yana yawo a sama. Na shafa a yatsa, sai ga santsi. Na juya murfin lagireton, robarsa ta kumbura. Ni da na fito gyaran ɗigon da ake gani, ashe akwai wanda ba a gani a can ciki.

Masu otomatik, ku saurara da kyau. A tankin ƙasa na lagireton irin motocin nan akwai wani bututun ƙarfe a ɓoye, man giya ke bi ta cikinsa ya huce sannan ya koma. Waɗancan ƙananan tiyo biyu da kuke gani a ƙasa, nasa ne. Idan tsatsa ta huda bututun, yayin da inji ke aiki man giya ne ke kutsawa cikin ruwa. Da ka kashe mota kuwa, ƙarfin man ya faɗi, na ruwan yana nan, sai ruwa ya bi hudar ya shiga giya. Ruwa kuma shi ne ajalin giyar otomatik, domin yana ɓanɓare fatar kulocin da ke ciki. Kuɗin giya ɗaya zai sayi lagireto da yawa.

Hannuna na rawa na zaro sandar awon man giya. Jan yana nan, amma ya fara dusashewa, ya yi hazo-hazo. Na kira wani dattijon bakanike maƙwabcinmu a Pantami, ya murza man a yatsa ya shinshina.

"Malam, ka gode wa Allah. Da ka kai ta Bauchi ka dawo a haka, sai dai mu nemo wata giya."

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne shekarun da aka yi ana ɗura wa motar nan ruwan rijiya da na burtsatse. Duk garejin da ka shiga, yaro zai ɗauko buta ya cika maka, a ce ruwa ai ruwa ne. Ba haka ba ne. Kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, yana ɗauke da maganin tsatsa, ruwan rijiya kuwa gishiri da ƙasa yake bari a ciki. Mai liƙin gam ma ya buɗe murfin nan da hannunsa, ya ga abin da ke ciki ko bai gani ba, bai ce mini uffan ba, kuɗinsa kawai ya karɓa.

A wajen masu sayar da kayan mota, yaron shago ya dage sai na ɗauki na Beljiyam.

"Alhaji, wannan na asali ne, ya fi sabo ƙarko."

Na ce masa ya nuna mini cikin bututun man giyar tukuna. Ya yi shiru. Lagireton da ya yi shekara ashirin a wata ƙasa, robarsa ta gama gasuwa, cikinsa kuma ba mai iya gani. Sabo na saya, na kuma je da tsohon na jera su, domin na mota mai giyar hannu ba shi da waɗancan bakuna biyu, kuma a ido kamarsu ɗaya. Na haɗa da sabon murfi mai lamba 0.9 kamar na asali, da manyan tiyo biyu, tunda mai ya riga ya lalata robar tsofaffin. Da na buɗe gidan tamosta, wato abin da ke daidaita zafin inji, sai na tarar babu komai, wani ya cire ta tun tuni da sunan wai ƙasarmu da zafi. Na mayar da sabuwa mai buɗewa a digiri 82.

Ɗaura sabon bai ɗauki lokaci ba. Wankin ne ya cinye ni. Na yi ta zuba ruwa mai tsabta ina tayar da inji ina zubarwa, har santsin ya ɓace, sannan na zuba kulan. Na ɗaga gaban motar a kan tudu, na buɗe hita har ƙarshe, murfi a buɗe, na jira kumfar iska ta gama fita. Tsohon ruwan kuma ban zubar a tsakar gida ba, domin ko ragowar kulan ce a ciki, yana da zaƙi kuma guba ne, ga awaki ga yara.

Ita kuwa giya, idan ka kwance notin ƙasa kaɗan ne daga man ke fita, mafi yawa yana maƙale a ciki. Dole ka zubar, ka cika da man giya Dexron III, ka ɗan zaga, ka sake zubarwa, har sai ja ya dawo tas. Kuɗin man nan kaɗai ya kusa kamo na lagireton, kuma duk galan ɗin da na buɗe sai na tuna butar nan ta gareji. Awon ma sai mota ta yi zafi, inji na aiki, giya na kan P, a fili mai daidai.

Na gwada ta a hanyar Kumo zuwa Kaltungo da tsakar rana, na'urar sanyi a kunne, allura ba ta motsa daga tsakiya ba. Alhamdulillahi. Sai dai da sassafe giya ta biyu tana ɗan jinkiri kafin ta shiga, abin da ba ta yi a da. Dattijon bakaniken nan ya ce mu sa mata ido. Yanzu ina tara kuɗin ƙaramin abin sanyaya man giya na daban, wanda ake ɗaurawa a gaban lagireto, don a raba man da ruwan gaba ɗaya kafin zafin baɗi.