Abin da shirin neman PGDE ya koya mini

Ni kemistiri na karanta a jami'a, kuma gaskiya ban taɓa sa wa raina koyarwa ba sai da bautar ƙasa ta kai ni wata sakandaren gwamnati aka miƙa mini ƴan SS1. Ranar da na zo koyar da mol, na cika allo fal da lissafi har alli ya ƙare a hannuna, ina juyowa wata yarinya daga kujerar baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam mun kwafa dai amma ba mu gane ba." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Washegari wani dattijon malami mai NCE, wanda ya fi shekara 20 yana aikin, ya shigo ajin da kwalin ashana, ya tambaye su dozin guda nawa ne, suka ce 12, ya ce to mol ma sunan adadi ne kamar dozin, sai dai shi adadinsa ya wuce ƙirge, kafin a kaɗa ƙararrawa yaran nan har rige-rigen ba da amsa suke yi. Na fi shi sanin kemistiri, shi kuma ya san yaro, kuma abin da ya sani ɗin nan karanta shi ake yi.

Da farko na ɗauka kai tsaye zan nemi mastas a fannin ilimi, ashe yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar mutum M.Ed sai yana da digirin koyarwa ko PGDE, wato difloma ta gaba da digiri da aka tanada wa irinmu. Haka ma hukumar TRCN mai yi wa malamai rajista, wadda dokar 1993 ta kafa, sai da takardar koyarwa za ka zauna jarrabawarta a kwamfuta a ba ka lasisi, NCE ce mafi ƙaranci. Wuraren yi kuwa akwai su, ABU Zariya da BUK duk suna yi, ga kuma NTI ta Kaduna, wato cibiyar horar da malamai ta ƙasa, da aka kafa tun 1976, ita tana da cibiyoyi a jihohi kuma karatun ƙarshen mako ne, shi ya sa mai aiki a hannu ya fi samun sauƙi a can.

Inda na sha wuya shi ne takardu, kuma a nan nake so duk mai niyya ya saurare ni da kyau. Na tsaya jiran a buɗe fom sannan na nemi tiranskirif, wato takardar cikakken sakamakon jami'a, na biya kuɗi, na yi ta zirga-zirga ofis-ofis ana ce mini dawo jibi, kafin ya fito an rufe, shekara guda ta tafi a haka. Ga kuma sunana, a takardar WAEC an rubuta shi iri ɗaya, a satifiket na digiri wani iri, harafi biyu kacal amma sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa. Ku fito da takardunku yau ɗin nan ku jera su a kan tabarma ku duba harafi-harafi, har da ranar haihuwa, ku tabbata kiredit 5 ɗin nan sun cika da Turanci da lissafi a ciki, satifiket na bautar ƙasa ma yana hannu.

Sai masu rubuta maka takardar shaida. Malamin da ya duba furojet ɗina na je wa, ya karɓe ni hannu bibbiyu amma sai da na tuna masa ko ni wane ne, tun da na gama ban sake gaishe shi ba, na ji kunyar hakan sosai.

Wasu abokai na cewa wai duk wahalar nan don aikin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, ban musa musu ba, albashin malami a ƙasar nan abin takaici ne kuma ya kamata a yi ta faɗa. Amma bana na cike fom da wuri, kuɗin makaranta ina tara shi ta adashi, lokacin gwajin koyarwa ma na riga na yi magana da shugaban makarantar da nake koyarwa yanzu. Jiya ma mol muka yi da ƴan SS1, da kwalin ashana a aljihuna na shiga.