Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Layin da Ya Makara

A makon jiya mun tsaya inda malamina ya ture takardar lambobin awon jijjigar inji da na kai masa. Ya ce shi injin yake so ya gani yana rawa a bidiyo, layin jijjigarsa kuma yana tafiya a gefe a lokaci guda. Na ce, "To, Malam," kamar na san hanya, alhali ko kusa ban sani ba.

A daren na fara gane cewa bidiyo hotuna ne jere, wajen 30 a kowace daƙiƙa. Nawa na minti 10 ne, kusan hotuna 18,000 ke nan, kuma kowanne sai an zana masa nasa layin an manna. Da Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, na yi aikin, tare da kayan aikinsa biyu: OpenCV ya ciro hoto, Matplotlib ya zana layin, ni kuma in haɗa su. Gwajin farko jan layina ya fito shuɗi. Ashe Matplotlib da ja yake fara jera launuka, OpenCV kuma da shuɗi. Layi ɗaya na rubutu ya gyara wannan, bayan na ɓata awa biyu ina zargin allon kwamfutata.

Abin da ya hana ni barci shi ne lokaci. Na'urar auna jijjiga tana ɗaukar awo 100 a daƙiƙa, don haka dole in san wane awo ne na wane hoto. Na buga wa injin guduma a farkon ɗauka, na sake bugawa a ƙarshe. Bugun farko ya zauna daram, guduma na sauka layi na tsalle. A na ƙarshe kuwa guduma ta sauka, layin yana kwance abinsa, sai can ya farka. Kwana uku ina juya lissafi. Daga baya na duba bayanan fayil ɗin, sai ga hotuna 29.97 a daƙiƙa a inda na rubuta 30 da ka. Bambancin kamar ba komai, amma a minti 10 ya tara kusan kashi shida cikin goma na daƙiƙa, kuma ido yana kama wannan sarai. Sai na daina ƙirga hotuna, na koma tambayar OpenCV ainihin lokacin kowane hoto, in nemo awon da ya fi kusa da shi.

Da safe na kunna wa Malam. Ya kalli bugun ƙarshe sau biyu, ya gyaɗa kai, sannan ya kara kunne kusa da kwamfutar.

"Ina ƙarar injin?"

Shiru na yi. OpenCV hotuna kaɗai yake rubutawa, ba ruwansa da sauti. Yadda na koma ga FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti, don dawo da ƙarar, da ɓarnar da na tafka a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.