Fam dubu biyar da laka mai koren fenti

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba mu aikin rubutu kan kwantiragin 'yan wasa. Ni sai aka haɗa ni da finafinan barkwancin nan na Ingila, Carry On, guda 31 da Peter Rogers ya shirya, Gerald Thomas ya ba da umarni, daga 1958 zuwa 1992. Na ɗauka dariya kawai zan sha, ashe lissafi zan koyo.

Kenneth Williams ya fito a 26 daga ciki, kuma ya daɗe yana karɓar fam 5,000 a kowane fim, kaya na ta tsada, kuɗinsa na tsaye wuri guda. Mata irin su Joan Sims da Barbara Windsor kuwa kusan rabin haka ake ba su. Amma da aka gayyato Ba'amurke Phil Silvers a 1967, fam 30,000 aka ƙirga masa. Kuɗin dai akwai su, sai dai na baƙo ne.

Aikin ma ba sauƙi. Cikin kamar mako shida ake kammala fim a sutudiyon Pinewood da ke kusa da Landan. Carry On Camping labarin hutun lokacin zafi ne, amma a ƙarshen 1968 aka ɗauke shi, sanyi na kaɗawa. Filin ya zama laka, aka bi shi da koren fenti don ya yi kama da ciyawa, 'yan wasa na karkarwa cikin 'yan kaya marasa nauyi, ana cewa su yi fara'a.

Duk wannan bai tsaya min a rai ba kamar batun maimaici. Sau ɗaya ake biyansu. Talabijin ta yi ta nuna finafinan shekara da shekaru, har aka yanyanka su aka haɗa sababbin shirye-shirye, masu fuskokin ba su da kaso. A wurin Rogers sunan Carry On shi ne tauraro, kowa ana iya maye gurbinsa, kuma ya nuna haka a 1972 da aka ajiye ɗan wasa Charles Hawtrey bayan taƙaddama kan sunan wa zai zo a sama a jerin sunayen 'yan wasa.

Na samu maki mai kyau, amma karatun bai shige ni ba. Da na fara aiki, wani kamfani ya ɗauki muryata a tallar rediyo, aka ba ni 'yan kuɗi a ambulan, har da godiyata. Shekara uku ina jin kaina a cikin motar haya, ko sisi bai ƙara shigowa ba.

Da suka dawo neman talla ta biyu, na ce a rubuta wata nawa za a yi ana sa ta, da abin da za a ƙara idan ta wuce haka. Manajan ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya koya maka wannan?" Na kusa cewa Kenneth Williams. Ya dai sa hannu, bayan ya rage kuɗin.